Me Za a Cire? Sunan Aikin da Ke Kan Takardar Tiyata

 Waɗanda ke jin mu daga gadon asibiti, Allah ya ba ku lafiya, ya sa kaffara ne. Masu jinya kuma Allah ya ba ku ladan ɗawainiya.

Kafin a tura mutum ɗakin tiyata, ma'aikaciyar jinya takan zo da takarda da biro, ta nuna wani layi ta ce a sa hannu. A can saman takardar likita ya riga ya rubuta sunan aikin da zai yi, galibi kalma ɗaya doguwa, da irin rubutun nan nasu da ba kowa ke iya karantawa ba. Mai jinya ya duba bai gane ba, ya waiwayi marar lafiya yana nishi, ya ce Allah ya sa a yi a sa'a, ya rattaba hannu ko ya dangwala yatsa. Tare shi a bakin ƙofa ka ce, Alhaji, me za a yi wa Hajiya? Zai ce maka aiki za a yi mata. Aikin me? Aikin ciki. To ai cikin nan gari guda ne: akwai hanji, akwai hanta, akwai saifa, akwai maɗaciya, akwai ƙoda, akwai mahaifa. Wanne daga ciki za a taɓa, kuma taɓawa za a yi ko ɗaukewa gaba ɗaya? Amsar tana cikin doguwar kalmar nan, kuma karanta ta bai kai wahalar da ake zato ba.

Kun san yadda Bahaushe in ya ji kalma ta fara da "ma" kamar makaranta, mahauta, marina, ko bai taɓa zuwa ba ya san sunan wuri ne da ake wani aiki. Sunayen ayyukan tiyata ma haka aka gina su, sai dai su alamarsu a wutsiya take. Kan kalmar sunan gaɓa ne, wutsiyar kuma ita ke faɗin abin da za a yi wa gaɓar. Yawancinsu daga tsohon harshen Girka aka ɗebo su, shi ya sa shi kansa Baturen Ingila da bai karanci likitanci ba bai fi ku gane su ba.

Wutsiyar da ta fi shafarmu yau ita ce ektomi. Ma'anarta a yanke a fitar. Duk inda kuka ji sunan aiki ya ƙare da ektomi, to wani abu zai bar jikin, kuma ba zai dawo ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ake rubuta musu takarda da Faransanci, wutsiyar ɗaya ce, harafi ɗaya ko biyu ne suka bambanta a rubutu. Masu zuwa neman magani Masar ko Saudiyya kuwa, kalmar da za su gani a takardar Larabci ita ce isti'isal, sannan sunan gaɓar ya biyo baya.

Tana da 'yan uwa biyu da ke rikita mutane. Akwai otomi, wato a tsaga kawai, a duba ko a gyara, a mayar a ɗinke. Yaron da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, abin da aka fi rubuta masa shi ne lafarotomi: za a buɗe cikin a ga irin ɓarnar da ta auku, sannan a san abin yi. Akwai kuma ostomi, wato a buɗe wata sabuwar ƙofa a jiki. Ku saurari waɗannan biyun da kyau: kolektomi da kolostomi. Na farkon, an yanke wani sashe na babban hanji ko dukkansa an fitar. Na biyun, an jawo bakin hanjin an fito da shi ta fatar ciki, bahaya ya riƙa zuba a wata jaka da ake mannawa. Sau da yawa na 'yan watanni ne, in hanjin ƙasa ya warke sai a mayar a rufe. Mutum ya farfaɗo ya ga jaka a gefen cibiyarsa ba tare da an taɓa gaya masa ba, wannan tashin hankali ne da bayanin minti biyar zai iya rage shi.

A cikin ayyukan ektomi, wanda kowa ya fi sani shi ne aikin afendis, afendektomi. Afendis ɗan wani reshe ne siriri a farkon babban hanji, can ƙasan ciki ta dama. In ya kumbura, ciwon yakan fara a wajen cibiya, daga baya ya gangara ƙasa ta dama ya tsaya, ga tashin zuciya, ga rashin son abinci. Ba a ba irin wannan ciwon jiƙo na wankin ciki, ba a kuma danna shi da sunan tausa, don in ya fashe a ciki magana ta girma. Karo na farko da tarihi ya rubuta an cire shi kuma mai shi ya rayu, a Landan ne a shekarar 1735, wani likita Claudius Amyand ya yi wa wani yaro ɗan shekara 11. Labarin da ya fi ba ni mamaki kuwa na wani likita ne ɗan Rasha, Leonid Rogozov. A 1961 yana tare da ayarin masu bincike a Antaktika, ƙasar ƙanƙara, shi kaɗai ne likita a sansanin, ga iska ta hana jirgi sauka, sai nasa afendis ɗin ya tashi. Ya kishingiɗa, ya yi wa fatar cikinsa allurar kashe zafi, wani ya riƙe masa madubi, wani yana miƙo masa kayan aiki, ya tsaga cikinsa da hannunsa ya cire, ya ɗinke. Yana ɗan shekara 27 a lokacin. Bayan mako biyu ya koma bakin aiki. Jikin mutum ba ya rasa komai na a zo a gani in an ɗauke afendis, shi ya sa ba za mu daɗe a kansa ba.

Haka ma maɗaciya. Sunan aikinta kolesistektomi, ana yi ne galibi in tsakuwa ta taru a ciki tana ta da ciwo. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, maɗaciya ajiya kawai take yi, saboda haka in an cire ta ruwan zai ci gaba da gangarowa hanji, mutum ya ci abincinsa, sai dai wasu kan yi ɗan fama da maiƙo a farkon lamari. Amma a nan akwai wani tarko. In aka yar da "kole" ɗin farko aka ce sistektomi kawai, zance ya sauya: yana iya nufin cire mafitsara, babban aiki ke nan da ake yi saboda ciwon daji, yana kuma iya nufin cire wata 'yar jakar ruwa da ta tsiro a jikin wata gaɓa, kamar a gidan ƙwan mace, wanda ƙaramin aiki ne in aka kwatanta. Kalma ɗaya, ayyuka biyu da ba su da haɗi. Don haka sanin wutsiya bai ɗauke wa kowa tambayar likita ba. Amfaninsa shi ne ka san abin da za ka tambaya.

Yanzu bari mu zauna sosai a kan mahaifa, domin nan ne aka fi yin kuka bayan an gama. Ƙarin mahaifa, wanda ake kira faiburoid, ya yi yawa a tsakanin matanmu: jinin al'ada ya ƙi tsayawa, ciki ya tasa kamar mai juna biyu, wata kuma haihuwa ta yi wuya. Ayyuka biyu ake yi a kansa. Akwai mayomektomi, a ɓare ƙarin a fitar, a bar mahaifar a wurinta. Akwai histarektomi, a ɗauke mahaifar dungurungum. A gida duka biyun sunansu ɗaya, "an yi mata aikin faiburoid". Amma wadda aka yi wa na farko tana iya ɗaukar ciki, ko da yake ƙarin na iya sake tsirowa, kuma mai yiwuwa a ce ta haihu ta hanyar tiyata. Wadda aka yi wa na biyu kuwa ta yi sallama da al'ada da haihuwa har abada. 'Yar uwa, in kina da sauran burin haihuwa, ki faɗa da bakinki tun a ɗakin ganin likita, kada ki bari sai ranar aiki. Ki kuma sani cewa likita na gaskiya zai gaya miki: ko da an shiga da niyyar cire ƙari kaɗai, in jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ana iya cire mahaifar don a tsira da rai. Haka ma macen da doguwar naƙuda ta fasa wa mahaifa, wani lokaci babu damar shawara. Wannan larura ce, ba wanda zai zargi likita a kanta. Abin zargi shi ne a sallami mace ba a gaya mata ba, ta shekara uku tana yawon neman maganin haihuwa, tana shan gori a gidan miji, alhali mahaifar ba ta nan.

Ita histarektomi ɗin ma iri-iri ce. In an rubuta "total", an haɗa har da bakin mahaifa. In an ce "subtotal", an bar bakin, wanda ke nufin gwajin sankarar bakin mahaifa bai faɗi a kanta ba. Sannan cire mahaifa daban, cire gidajen ƙwai biyu daban. Na biyun sunansa uforektomi. Gidajen ƙwan nan su ne ke samar da sinadaran da ke tafiyar da jikin mace. In an bar su, jikinta zai ci gaba da tafiya yadda ya saba, jinin wata ne kawai ba za ta gani ba. In an ɗauke duka biyun tana da ƙuruciya, alamun ɗaukewar al'ada za su zo mata farat ɗaya: zafin jiki mai tasowa, gumin dare, daga baya ƙashi ya yi rauni, kuma akwai maganin da ake bayarwa saboda haka. Sai salfinjektomi, cire bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, wanda aka fi yi in ciki ya zauna a bututun ya fashe. Bututun biyu ne. Matuƙar ɗayan na da lafiya, ɗaukar ciki bai gagara ba, kuma mata da yawa sun haihu bayan wannan aikin.

Tambayar da ta fi "me za a cire" muhimmanci ita ce: wane aiki abin yake yi mini, kuma wa zai yi aikin bayan an cire? Su kansu likitoci da tsada suka koyi wannan. A birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda maƙoƙo ya yi yawa a zamanin saboda ƙarancin sinadarin aidin a tsaunukansu, an yi wani gwanin likita, Theodor Kocher. Aikin wuya a lokacin kasada ce, jini kan kashe mutum a kan tebur, shi kuwa ya ƙware har ya zama da wuya ya rasa majinyaci. A 1874 ya cire wa wata yarinya 'yar shekara 11 gaɓar maƙoƙon baki ɗaya, aiki ya yi kyau, aka sallame ta. Bayan shekaru sai labari ya zo masa cewa yarinyar nan mai kazar-kazar ta zama wata iri: girma ya tsaya, fuska ta kumbura, hankali ya yi nauyi, ƙanwarta ta kere ta a tsawo. Ya aika aka kirawo sauran waɗanda ya yi wa irin aikin. Kusan duk waɗanda aka cire wa gaba ɗaya suka zo da kasala, da jin sanyi, da nauyin baki. A 1883 ya tashi gaban taron likitoci a Balin ya faɗi abin da ya gani, ya kuma daina cire gaɓar duka sai in dole. Ta haka duniya ta tabbatar cewa 'yar gaɓar nan ta gaban wuya ita ke riƙe da saurin aikin jiki gaba ɗaya. A 1909 aka ba shi kyautar Nobel. Yau wanda aka yi wa tayirodektomi na gaba ɗaya yana rayuwarsa lafiya lau, bisa sharaɗi ɗaya: ƙwayar magani guda kullum da safe, har ƙarshen rai. Ba maganin da ake sha a daina ba ne in an ji sauƙi. Sauƙin da ake ji ɗin, ƙwayar ce ke kawo shi.

Saifa ma haka. Tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma ita ce ta fi saurin fashewa in an yi hatsarin babur ko mota. Wasu yara masu sikila ma akan cire musu. Sunan aikin isfilenektomi. Ana rayuwa babu ita, amma ita ce ke tace jini tana kama wasu ƙwayoyin cuta, musamman masu kawo nimoniya da sanƙarau, tana kuma taimakawa wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. A ƙasa irin tamu da sanƙarau ke zagayowa da bazara, sauro kuma da damina, wanda ba shi da saifa yana buƙatar allurar rigakafi, da gidan sauro, kuma zazzaɓin da wani zai sha farasitamol ya kwanta, shi asibiti zai nufa a ranar. Duk likitan da zai gani nan gaba, ko na haƙori ne, ya gaya masa an cire masa saifa.

Ƙoda kuwa, nefrektomi, Allah ya yi ta biyu, kuma ɗaya mai lafiya tana ɗaukar nauyin jiki. Ronald Herrick, wanda ya ba ɗan tagwayensa ƙoda a Boston ta Amurka a watan Disamban 1954, a dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, sai a 2010 ya rasu yana da shekara 79. Amma tunda biyu ce, akwai dama akwai hagu, kuma an sha yin kuskuren gefe a asibitocin duniya, har da na ƙasashen da suka ci gaba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin tambayoyi a 2008 da ake so a bi kafin a sa wuƙa. In kun ga likita ya zo da alƙalami ya zana kibiya a fatar majinyaci, ko an tambaye shi sunansa da gefen da ke ciwo har sau uku, kada ku ce sun ruɗe ne. Aikinsu suke yi. Wanda ba a tambaya ba shi ya kamata ya ɗaga murya.

A ciwon dajin mama akwai mastektomi, cire maman duka, akwai lamfektomi, cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi. Tun daga 1894 da William Halsted na Amurka ya bayyana salonsa, likitoci suka shafe shekaru kusan tamanin suna kwashe mama da tsokar ƙirji da ƙululun hammata, bisa zaton yawan yanka shi ne yawan waraka. Binciken da Bernard Fisher ya jagoranta, wanda sakamakonsa ya fito a 1985, ya nuna cewa in ciwon bai yi nisa ba, cire ƙullutun kaɗai tare da gashi da na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire maman. Sharaɗin shi ne a zo da wuri. Maganar da ake yaɗawa cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, ita ce ke sa mace ta ɓoye ƙullutu shekara biyu har ya fashe, a lokacin da zaɓin ƙaramin aikin ya riga ya wuce.

Maza, ku ma ga naku a gurguje. Furostatektomi shi ne cire ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsara, mai tsare wa dattawa fitsari. Ku tambayi abin da zai biyo baya game da riƙe fitsari da kuma kusantar iyali, ba abin kunya ba ne. Basektomi kuma, duk da wutsiyarsa, ɗan guntun bututun da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa kawai ake datsewa. Ba dandaƙa ba ce, maraina suna nan, mazakuta tana nan, haihuwa ce ke tsayawa.

Akwai wani ektomi da mu ma muke yi a zaure, ba takarda ba sa hannu: cire beli. Wanzami ya kwance zabira, a riƙe jariri ɗan kwana uku ko bakwai, a danne masa harshe da ɗan itace, a sa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a datse tsokar nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. Ina girmama wanzamai, sana'ar gado ce, kuma sun yi wa al'umma hidima tun babu asibiti. Amma gaskiya ɗaya ce: beli ba cuta ba ne, halitta ce, kowa da shi aka haife shi, yana taimakawa wajen haɗiya don kada abinci ya bi ta hanci. Ba ya girma ya toshe wuya, ba ya fashewa ya kashe yaro. A asibiti da ƙyar ake taɓa shi, sai a wasu manya masu matsanancin minshari da ke ɗauke numfashi cikin barci. Jariri kuwa jininsa duka bai cika kofi biyu ba, kaɗan ya zuba ya galabaita, ga haɗarin cutar sarƙewar haƙora, ga ciwon hanta ko ƙanjamau in ƙarfen ya bi bakin wani yaro. Kakanni mata, wannan magana a hannunku take, don ku ake jin nauyi ranar suna.

Mu koma kan takardar nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Najeriya ta yi a 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗarin kowanne, da 'yancinsa na ya ƙi, kuma a harshen da yake ji. Ke nan neman bayani da Hausa ba roƙo ba ne. Na san layin yana da tsawo, likita ɗaya ne, mutum ɗari na jira, amma ka ce, likita, don Allah zana mini a takarda, nuna mini abin da za a cire da abin da za a bari. Kuma baligi mai hankali, namiji ko mace, shi ke da hakkin sa hannu a kan jikinsa. A yi shawara da miji da iyaye, wannan tarbiyyarmu ce, amma kada a yi bayanin a baranda da maigida ita mai jikin tana kwance ba ta san me aka yanke ba.

Bayan an fito, za a iya miƙo muku 'yar kwalba ko roba da naman da aka cire yana iyo a cikin wani ruwa mai warin gaske, a ce ku kai ɗakin gwaji. Da yawa sukan ce ai an riga an cire, a kashe kuɗin me kuma, sai a kai gida a binne. Hannu ko ƙafar da aka yanke, a karɓa a binne, wannan daidai ne. Amma ƙullutun mama, ko maƙoƙo, ko mahaifa, ko guntun hanji, ido ba ya iya bambance mai daji da marar daji. Sai an yanka shi siriri an duba a madubin likita, kuma sakamakon ne zai nuna ko an gama ke nan, ko akwai sauran magani a gaba. Yakan ɗauki mako biyu ko fiye. Ku koma ku karɓo, ku kai wa likitan da ya yi aikin, sannan ku nemi a rubuta muku cikakken sunan aikin da ranar da aka yi shi a katin sallama, ku adana tare da takardun gida.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu tattauna a kan allurar barci, da dalilin da ya sa ake hana mutum ci da sha kafin a shiga da shi.